Harajin baƙon da ya auri 'yar ƙasa

Ɗan Maigatari: Salamu alaikum. Mijin ƙanwata ɗan Sudan ne, da biza yake zaune, yana da kanti a nan. Takardar haraji ɗaya zai cike da matarsa?

Malam na Gumel: Wa alaikumus salam. A Najeriya ba a haɗawa, kowa da tasa. In ya cika kwana 183 a ƙasar cikin wata 12, mazauni ne, hukumar harajin Jigawa zai biya. Ya karɓi lambar TIN, wato lambar shaidar mai biyan haraji, ya miƙa bayanin kuɗin shigarsa kafin ƙarshen Maris.

Hajiya ta Ringim: Ɗana, daga Janairun 2026 naira 800,000 ta farko a shekara ba haraji. Amma lallai ya adana rasiɗai da littafin ciniki, don marar su ƙiyasi ake yi masa, kuma yana iya zarce ainihin ribarsa.