Yarona ya gaji da farin ɓeransa, babansu ya ce a sake shi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, don Allah kada a yi mini dariya, abin yana damuna.

Ina aure a unguwar Birni, nan Damagaram. Wata biyu da suka wuce ɗan wan mijina da ke karatu a Yamai ya zo hutu da farin ɓera a keji, irin mai jan idon nan, ya ce a hannun mutane aka haife shi. Da zai koma, yarona mai shekara 11 ya yi ta kuka sai an bar masa. Babansu ya ce a'a, ni ce na roƙa har ya yarda, yaron kuma ya rantse shi zai riƙa yin komai. Sati uku ya yi yana cika alkawari. Yanzu in ya taso daga makaranta sai ƙwallo.

Shekaranjiya da azahar na tarar gwangwanin ruwansa ya bushe ƙaf. Ɓeran na kwance shame-shame a kan cikinsa, haɓarsa jiƙe da yawu, numfashi sama-sama. Da na zuba ruwa ya jawo jiki, ya dafa bakin gwangwanin da hannuwansa biyu yana sha. Wallahi sai da na yi hawaye.

Babansu ya ce a kai shi bayan gari a saki. Inna, uwar mijina, ta ce kusu kusu ne ko an shafa masa farar ƙasa, ta daina shan furar da na dama. Ni kuma tausayinsa nake ji, ga tsoron cuta saboda ina da mai rarrafe. Ya zan yi?

Wata ƴar uwa daga Zango:

Yaya, gidan da ake ajiye hatsi da gujiya me ya haɗa shi da kiwon ɓera? Ni dai ina bayan Inna. Ki bi maganar maigida ki huta, zaman lafiyarki da uwar miji ya fi.

Wani ma'aikacin kiwon lafiyar dabbobi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar saki ku cire ta. Wannan bai san neman abinci ba, bai san ɓuya ba, kuma farin jikinsa tun daga nesa shirwa da kyanwa za su hango shi. Sakinsa kisa ne, sai dai ba a gabanku ba.

Abin da kika gani zafi ne ya kusa kashe shi. Ɓera ba ya gumi kamar mu, ta wutsiya yake rage zafin jiki, in abin ya fi ƙarfinsa ya shafa yawu a gashinsa. In zafi ya haura digiri 30 ya fara wahala, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40. Ki ɗauke kejin daga ƙarƙashin kwano ki kai ɗakin ƙasa, inda rana ba ta taɓawa. Ki sa masa fasasshen tulu a ciki kina yayyafa ruwa a bayan tulun, zai shige ya kwanta. Ruwan sha kuma mazubi biyu, masu nauyi don kada ya kifar.

Abinci ba shi da tsada: hatsi, dawa, dafaffen wake, ɗan karas ko kankana, wani lokaci gutsuren dafaffen ƙwai. Gujiya kaɗan, mai ya yi mata yawa. Abin da ya fara lalacewa kada a ba shi, domin ɓera ba ya iya amai. Haƙoransa na gaba ba su daina tsiro har ya mutu, ki jefa masa guntun itace ya riƙa gwaigwaya. Kada yara su ɗaga shi ta wutsiya, fatar tana iya saɓulewa. Warin fitsarinsa in ya taru a keji shi ke lalata masa huhu, don haka shimfiɗar, tsohuwar takarda ko tsumma, a canja ta duk bayan kwana biyu ko uku.

Tsoron da kike ji yana kan hanya. Fitsarin ɓera da cizonsa suna iya kawo cuta ko da na gida ne. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, kada keji ya kusanci madafa ko randa, mai rarrafe kuma kada ya je wurin sam. In ya ciji wani a wanke da sabulu, in zazzaɓi ya biyo baya a je likita a faɗa musu cizon ɓera ne. Zazzaɓin Lassa da ake ji a Najeriya, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, wani ɓera ne daban mai nonuwa da yawa ke yaɗa shi, amma duk da haka ki toshe keji da ragar waya yadda kusun gida ba za su riƙa shiga cin abincinsa ba.

Abu guda da zai sosa miki rai: dabba ce mai son ƴan uwanta, kaɗaici yana cin ta. In za ku ƙara, jinsi ɗaya, wato maza kaɗai ko mata kaɗai, don cikinsu sati uku ne kawai, kuma haihuwa ɗaya tana kai takwas ko goma. Duka rayuwarsa shekara 2 zuwa 3 ce.

Wani dattijo daga Garin Malam:

Ƴata, Inna ba ta yi ƙarya ba. Ɓera na cikin halittu biyar da hadisi ya ba da izinin kashewa saboda ɓarnarsu, don haka hukuncin ajiye shi ki sa maigida ya tambayi malamin unguwarku. Amma ki tuna matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Muddin yana cikin kejinku, ƙishirwarsa tana wuyanku. Ki kuma kiyaye tufafin salla da tabarma daga kashinsa.

Wata uwa mai ƴaƴa biyar:

Ƙanwata, zan faɗa miki gaskiya don na taɓa shiga irin wannan da tantabaru. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaro ya karya alkawari, haka ne, amma wa ya karɓi rantsuwar ɗan shekara 11 a kan rai? Ke ce kika roƙa, to amanar taki ce, shi mataimaki ne. Ni na zuba ido ina cewa bari ya koyi darasi, har biyu suka mutu a akurki, kuma har yau yana damuna.

Kada ki ɗauke masa aikin, kada kuma ki sakar masa. Ruwa da safe kafin ya ɗauki jaka, shara kafin ƙwallo, ke kuma ki duba da idonki kullum. Ki faɗa masa yadda kika tarar da dabbar, ba da faɗa ba. In kin ga gidan ba zai ɗauka ba, a mayar wa mai shi, ba abin kunya ba ne. Ita kuma Inna ki bar wata ta riƙa dama mata fura kafin ranta ya huce.

Mai tambaya ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya da dare na zaunar da shi na ba shi labarin gwangwanin, ya yi shiru, can ya tashi da fitila ya je ya duba. Mun mayar da kejin tsohon ɗakin ƙasa na bayan gida, na sa masa fasasshen tulu, ɗazu na leƙa yana ciki yana barci. Babansu ya kira ɗan wansa, ya ce zai zo hutun damina, in har lokacin Inna ba ta sauko ba zai tafi da shi. Malam likita, tun safe yana ɗan atishawa, garin katakon da na shimfiɗa masa ne ko in kawo shi a duba?