Burtsatse don Kawu: a Agege ko a gida?

Ɗan Zango: Salamu alaikum. Kawunmu ya rasu bayan Babbar Sallah, a nan Agege ta Legas aka binne shi. Shi ya kwaso mu daga ƙauye ɗaya bayan ɗaya, ya sa mu sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, masu ƙoƙari ya kai su Markaz, makarantar Larabci da addini ta Agege. Lokacin rikicin kasuwa na 2016 a ɗakinsa muka kwana jibge, bai rintsa ba sai da ya ƙirga mu kaf. Mun haɗa kuɗi za mu haƙa masa burtsatse, sadaka mai gudana. Iyayenmu mata sun ce a ƙauye, mu kuwa muna ganin nan ya yi rayuwarsa. Wanda ya taɓa yi ya ba mu shawara.

Mai Rago Alaba: Allah ya jiƙansa. Ku biya masa Hajji kawai.

Ɗan Zango: Ya je tun muna yara, Alhaji.

Hajiya Idi-Araba: Ɗana, kada ku kuskura ku tura kuɗi gida ba ku je ba. Da baffana ya rasu na aika miliyan biyu hannun ɗan'uwa. Kullum sai ya ce mai injin ne bai zo ba, daga baya wai sun tarar da dutse. Da na je, rami ne akuya ma ba za ta faɗa ba, shi kuma ya ƙara aure. Na yi magana aka ce zan raba zumunci, har yau matarsa ba ta gaishe ni.

Injiniya: Hajiya, a nan dai bai yi ƙarya ba. Ƙasar Kano akwai dutse, Legas yashi ne, ruwa kusa. A Agege miliyan ɗaya da rabi ta isa har da tanki.

Mai Rago Alaba: Wace shekara? Maƙwabcina huɗu ya kashe, ban da sola.

Injiniya: A ina?

Mai Rago Alaba: Ajah.

Injiniya: To can ruwan gishiri ne, dole a nutsa. Ku riƙa tambayar masu aikin.

Hajiya Idi-Araba: Mai aikin ne ya san zafin kuɗin ko wadda aka cinye nata?

Garuwa: Ku haƙa a ƙauye don Allah, kada ku kashe mana kasuwa.

Almajirin Markaz: Lada dai yana inda aka fi ƙishirwa. Amma kun tabbata babu bashi a kansa? Shi ake fara biya.

Baban Ojota: Filin wa za ku haƙa a Agegen? Mu da muka zo zagaye masallaci, omo onile, masu cewa filin na kakanninsu ne, suka tsaya sai an sallame su, aka kawo yashi wasu suka sake zuwa.

Mai Rago Alaba: Su da 'yan agbero, masu karɓar kuɗi a hannun direbobi. Jiya motar raguna daga Berger zuwa Alaba tikiti nawa kuke zaton mun yanka?