Farin gari kamar toka a ganyen kabewa, mene ne maganinshi?

Manomin Ajiwa:
Slm jama'a, dan Allah masu noman rani ku taimaka man. Na sa kabewa a bakin dam ɗin Ajiwa, yaɗo ya yi kyau har ta fara 'ya'ya, sai kwatsam na ga wani fari-fari a tsofaffin ganye na ƙasa kamar an barbaɗa toka, in ka shafa da yatsa yana gogewa amma bayan kwana biyu ya dawo ya ƙaru. Yanzu ganyen sun fara rawaya suna bushewa. Na yi feshin maganin ƙwari sau biyu, na ƙara yuriya ko za ta farfaɗo, wallahi kamar ma ƙara mata ciwon nake. Kuɗin da na sa ba kaɗan ba ne, abin yana hana ni barci.

Ɗan fadama:
Wslm. Malam ai ba ƙwari ba ne shi ya sa maganin bai yi komai ba, cutar fangas ce, wato dangin funfuna, iska ke ɗaukar ƙwayoyinta daga ganye zuwa ganye, kuma ita ba ta buƙatar ruwan sama, rana da zafi dare da raɓa shi ne lokacinta. Yuriyar nan ka dakata da ita, yawanta yana ƙara wa cutar ƙarfi. Ka juya ganyen ka duba bayanshi, can take ɓuya tun kafin ka gan ta a sama. Wanda ya riga ya yi fari ba zai dawo kore ba, ka yanke su ka sa a buhu ka fitar daga gonar, kar ka bar su a kan kunya. Sannan ka nemi salfa ta feshi ko mai hexaconazole ko difenoconazole a jikin kwalbar, ka bi awon da aka rubuta, bayan kwana 7 zuwa 10 ka sake, kuma ka riƙa sauyawa tsakanin salfa da ɗaya daga cikin sauran biyun don in ka dage kan iri ɗaya tana sabawa da shi. In mai shago ya miƙo maka Ridomil kar ka karɓa, na wata cutar ce, mai tabon rawaya da ke zuwa da damina.

Baba na Daura:
Yaro abin da ɗan'uwanka ya faɗa haka yake. Abu ɗaya zan ƙara, salfa kar ka kuskura ka fesa ta da tsakar rana. Ni na taɓa yi a wajen Daberam da zafin bazara, washegari na tarar ganyen sun ƙone ƙurmus, 'ya'yan suka zauna a fili rana ta dafa su, kabewar da ta kai kasuwa ko wata ɗaya ba ta yi a ajiye ba. Da sassafe ko bayan la'asar ake yi, kuma ka karkata bakin famfon ya jiƙa bayan ganye. Baɗi kuma ka ba shukar tazara iska ta riƙa ratsawa, mu matsalarmu son cika rami.

Uwar gida mai lambu:
Ni tawa a bayan gida take gindi huɗu kacal don miyan taushe, madara nake sawa, kofi 1 a ruwa kofi 9, duk sati in fesa da safe. Tana rage shi sosai in an fara da wuri, amma gona guda kam ban ce za ta riƙe ba. Ka duba kankanarka da gurji in kana da su kusa, su ma tana kama su.

Manomin Ajiwa:
Nagode ƙwarai Baba, nagode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Yanzu na dawo daga gonar, na juya ganyen kamar yadda aka ce, har waɗanda nake gani lafiyayyu bayansu ya fara fari. Na cika buhu uku da waɗanda na yanke. Gobe da safe zan shiga Katsina in nemo salfar, in biya ofishin KTARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Katsina, in nuna wa malamin gona ganyen kafin in saya, kankanar kuma tana daf da ita, ita ma zan haɗa da ita a feshin.