Da gaske ruwan jikin ƙadandoniya yana kashe ƙwayoyin cuta?

Maman_Biyu_Agege:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani a taimaka. Jiya bayan ruwan nan da aka wuni ana zabgawa yarona ɗan shekara 4 ya tsinto ƙadandoniya a bayan durom ɗin ruwa, ta naɗe kamar gammo shi kuma yana ta murza ta a hannu wai tayar mota ce, da na ƙwace sai naga yatsunsa uku sun rine kamar an ƙunsa masa lalle ga wani wari mai hawa kai, na wanke da sabulu sau uku bai fita ba. Wlh hankalina ya tashi. Maƙwabciyata kuma tace ai ruwan jikin ƙadandoniyar nan magani ne, wai ma in samo wata in goga masa a makeron dake kansa. Ni dai zuciyata bata kwanta ba. Akwai gaskiya a maganar?

MaiTumatir_Mile12:
Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya sawwaƙe. Bara da damina wata ta kwana a cikin takalmin robana, na zura ƙafa da asuba ina sauri na murƙushe ta ban sani ba, da yamma naga babban yatsana yayi baƙi ƙirin na ɗauka ruɓewa zai yi. Rini ne kawai, ya ɗan yi zafi, a hankali ya goge da kansa. Tun daga nan sai na kakkaɓe takalmi nake sawa.

Ɗalibin_Lab_IdiAraba:
Hajiya maƙwabciyarki ta kama gefen gaskiya amma dan girman Allah kar ki goga wa yaron nan komai a ka. Ƙadandoniya bata cizo bata harbi kuma bata iya gudu, makaminta shine wasu ƙananan ramuka a jere a gefen jikinta, in an takura mata sai ta fitar da ruwa ta nan. Irin namu dogayen nan masu mulmulallen jiki yawanci sinadarin benzokwinon ne a ruwansu, shi ya rine yatsun ɗanki. Masu faffaɗan baya kuwa da yawansu sayanayid suke fitarwa, dafin nan dai na rogo mai ɗaci da yasa ake jiƙa shi a matse kafin ayi gari.

Kuma eh, ruwan jikinta yana kashe ƙwayoyin cuta. Ki duba inda take rayuwa, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye da danshi inda funfuna da bakteriya suka yi gida, shi yasa masana ke ganin ruwan ba don tsuntsu da tururuwa kaɗai bane, har jikinta yake karewa. A 2016 masu bincike a ƙasar Sabiya sun gwada ruwan wata ƙadandoniyar Turai, Pachyiulus hungaricus, ya hana bakteriya girma har da wani nau'in bakteriya mai taurin kai da ake kira staf wanda baya jin magani, ya kuma hana wasu nau'in funfuna yaɗuwa. Amma fa a cikin faranti aka yi a lab ba a jikin mutum ba. Mu da muke shuka ƙwayoyin nan kullum mun san hatta bilic yana kashe su a faranti, kuma ba wanda zai zuba wa ɗansa a ka. Benzokwinon yana ƙona fata, wajen makero kuma dama fatar ta riga ta raunana, sannan yaro zai sosa kai ya kai hannu ido, ido kuwa shine babban abin da nake ji masa tsoro.

Direban_Tirela_Apapa:
Malam to birai fa? na taɓa gani a waya suna shafa ta a jiki.

Ɗalibin_Lab_IdiAraba:
Haka ne Alhaji, an ga birai a Benezuwela suna murza ta a gashinsu lokacin da sauro yayi yawa, a Madagaska ma dabbar lemur mai kama da biri tana tauna ta ta shafa. Abin yana burge ni sosai, kuma ina ganin ya kamata jami'o'inmu su duba namu na nan tunda gasu birjik duk damina, wata ƙila a tace wani abu mai amfani. Sai dai su birai gashi ne ya rufe musu fata. Hajiya ki cigaba da wanke hannun da ruwa da sabulu kawai, kar ki kankare, in ya taɓa ido ki zuba ruwa mai tsafta da yawa ki tafi asibiti. Shi makeron kai kuma shafawa kaɗai bata cika kashe shi ba don yana shiga saiwar gashi, yawanci sai likita ya rubuta maganin sha na wasu makonni.

Maman_Biyu_Agege:
Nagode ƙwarai ƙanena, Allah ya ƙara ilimi. Na duba idon lafiya lau, yatsun ma baya kukan zafi. Gobe da safe insha Allahu zan kai shi asibiti a duba kan, yanzu ma nasa babansu ya janye durom ɗin mun samu guda huɗu a kwance a ƙarƙashi, da tsintsiya da abin kwasar shara na fitar dasu.