Zabura Waƙa Ce? Musayar Baitoci Daga Gombe

Malam na Tumfure:

Salama gare ku, 'yan zaure. Jiya da dare wuta ta ɗauke, ɗiyata ta ce in karanta mata Zabura ta 19 da fitilar waya. Na karanta a bayyane. Kafin in kai aya ta uku ta fara amsa mini layi na biyu da kanta, kamar 'yar amshi. Shekaru ina koya wa ɗalibai ɗango da baiti a aji, amma sai jiya na ji abin da ke cikin littafin da ke kan teburina. Ga abin da ya hana ni barci:

Da sunan Mai Sama zan fara,
'Yan zaure ku zo ku saurara.

Shekaru nake ta karanta ta,
Jiya ne kunnena ya ji Zabura.

Ɗari da hamsin ne waƙoƙin,
Kowacce da gwaninta aka tsara.

Sammai na shelar ɗaukakar Allah,
Sararin sama ya amsa, ya ƙara.

Yini na ba yini labari,
Dare ga dare yake ta jera.

Ɗango na fari ya tā da gini,
Na biyu ya zo da jinka ya ɗora.

Babu amsa-amo a ƙarshen layi,
Ma'ana ke amsa, ita ke gyara.

Kamar lugude ne a tsakar gida,
Taɓarya na sauka, wata na jira.

Rana kuwa ango, an fito ɗaki,
Kamar gwarzo, da gudu ya zura.

Na ajiye alƙalami a tsakar zaure,
Mai ɗauka ya ɗauka, ina saurara.

Dattijo na Billiri:

Ɗana Malam, na ji batunka,
Amma ka ɗan taka mini birki.

Maganar Allah ce a hannunmu,
Sunanta Littafi Mai Tsarki.

In ka ce waƙa, yara za su ɗauka
Irin ta makaɗa ce a gidan biki.

Maroƙi na wasa wanda ya ba shi,
In babu kyauta ya juya baki.

Dauda bai yi don a liƙa masa ba,
Shi da kansa ai shi ne sarki.

Na ga masu auna ta da mudun boko,
Sun ƙare ba addu'a, ba aiki.

Tsoro nake ji, ba faɗa nake ba,
Kar a yaba kwano, a manta na ciki.

'Yar Kwaya ta Kaltungo:

Baba, na durƙusa, a yi mini haƙuri,
'Yar kwaya ce, aikina amshi.

Buɗe ta ɗari da talatin da shida,
Layin nan guda, ka ƙirga shi.

Sau ashirin da shida yake dawowa:
Ƙaunarsa har abada ce, ba fashi.

Wa ke maimaita magana haka, Baba,
In ba jagora da 'yan amshi?

A kan wasu ma an rubuta a sama,
Ga shugaban mawaƙa, a ba shi.

Ta ƙarshe ta kira ƙaho da molo,
Garaya, sarewa, kuge a buga shi.

Ba ta bar kowa a zaune ba,
Ta ce ya yi yabo, duk mai numfashi.

Maryamu 'yar'uwar Haruna, a bakin teku,
Ta ɗau bandiri, mata suka tashi.

Kwanon da abincin tare aka ba mu,
Tuwo a akushi ya fi ƙamshi.

Baba, watan da ya wuce mun gwada ta 136 ɗin a zumuntar mata, da tulu da kacau-kacau. Ɗaya tana ba da layi, mu muna amsawa. Tsofaffin da ba su iya karatu ba su suka fi kowa ɗaga murya, don kafin a kai aya ta biyar amshin ya zauna musu a baki.

Ɗalibi na Wunti:

Salamu alaikum, baƙo ne daga Bauchi,
Musulmi ne, in na shigo ba laifi?

Abokin ɗakina ɗan Bogoro ne,
Shi ya ara mini nasa littafi.

Na buɗe ta ɗari da sha tara,
Na ga ta ci shafi bayan shafi.

Ya ce a Ibrananci an jera ta,
Alef, bet, gimel, harafi harafi.

Sai na tuna Ishiriniya a gidanmu,
Da ake ɗaukowa daga alif a tafi.

Ya ce littafin Makoki ma haka aka yi shi,
A nan ne abin ya yi mini zurfi.

Mai kukan da birninsa ya ƙone,
Don me zai ɗaure kansa da harafi?

Malam na Tumfure:

Marhabin da baƙo, zaure naka ne,
Tambayarka kuwa tana da kaifi.

Abokinka bai faɗi ƙarya ba. Haruffan Ibrananci 22 ne. Zabura ta 119 ta ba kowane harafi ayoyi 8, dukansu suna farawa da shi, shi ya sa ta kai aya 176, ta fi kowane babi tsawo a littafin. Bambancinta da Ishiriniya shi ne, can harafin yana zaune a ƙarshe a matsayin amsa-amo, nan kuwa yana tsaye a bakin ƙofa. Makoki babi 5 ne, kukan faɗuwar Urushalima a hannun Babila wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Babi huɗu na farko duk a ɗaure suke da haruffa. Na uku ma ya ninka, kowane harafi sau uku, aya 66. Na biyar ya riƙe adadin 22 amma ya saki haruffan, kamar wanda kuka ya ci ƙarfinsa.

Wannan ado fassara ba ta iya ɗaukowa. Tun 1932 da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, harafin yana faɗuwa a hanya. Abin da ke tsallakowa lafiya shi ne lugudan da na ambata, layi yana amsa wa layi, wanda wani malamin Ingila, Robert Lowth, ya yi bayaninsa a littafinsa na 1753. Shi wannan ba ya bukatar sauti, ma'ana ce jikinsa, don haka yana shiga Hausa da Tangale da Waja ba tare da ya karye ba. Wani wurin kuma harshenmu ne ke yin gardama. Jiyan nan da na kai inda aka kira rana ango, yarinyar ta riƙe hannuna ta ce, “Baba, rana ai mace ce.” Ta yi gaskiya, a Hausa mace ce. Sai da na ce mata ta rufe ido ta hango ango ya fito da farar babbar riga ana guɗa, sannan ta yarda muka wuce.

Lissafi na ba ka, ɗan'uwa,
Dalili kuwa, akwai wadda ta fi ni zurfi.

Gwaggo ta Dadin Kowa:

Ɗana na Bauchi, ni zan ba ka amsa,
Ba ta malamai ba, ta gwauruwa.

Shekara uku ke nan da mota ta kife
Da maigidana a hanyar kasuwa.

Kwana bakwai gida cike da mutane,
Kowa da ayarsa ta gaisuwa.

A yi haƙuri, a yi haƙuri, har na gaji,
Kunne na ji, ciki na ƙonewa.

Da aka watse na ɗau littafinsa,
Da tabaraunsa a wurin tsayawa.

Na faɗa kan ta tamanin da takwas,
Wadda babu lallashi a rufewa.

Sauran sukan yi kuka su koma yabo,
Ita ta tsaya a duhu, ba juyawa.

Masoyi da aboki an nisanta su,
Sai duhu ya rage wurin raɓawa.

Na ce ashe an yarda in faɗi haka,
A gaban Allah, ba a yi mini tsawa.

Makoki kuma ta buɗe da Urushalima
Zaune ita kaɗai, ta zama gwauruwa.

Na ce 'yar'uwa, matsa mini tabarma,
Mu zauna tare, ni ma ina zuwa.

Ka tambayi dalilin igiyar harafi,
Zo Dadin Kowa ka dubi ruwa.

Gongola in ya cika ba shi da linzami,
Gona da gida duk yana cinyewa.

Madatsa ta tare shi, ta buɗe ƙofa kaɗan,
Shi ne ake shinkafa, ake shayarwa.

Baƙin ciki ba shi da gaɓa, ɗana,
Harafi ke ba shi hanyar wucewa.

Daga alef ka yi kuka har zuwa tau,
Ka ajiye, ka sha ruwa, gari na wayewa.

Ɗalibi na Wunti:

Mama, Allah ya ba ki dangana, ya raya abin da ya bari. Na kwafe baitocin nan a bayan littafin darasina.

Dattijo na Billiri:

Ƙanwata, Ubangiji ya ƙara miki ta'aziyya. Na karanta naki sau biyu, ban iya cewa komai ba a daren. Sai na koma inda na daɗe ban zauna ba.

Ƙanwata, kin sa na kwana da Ayuba,
Babi arba'in da biyu, ɗaya bayan ɗaya.

Abokai uku, kwana bakwai sun yi shiru,
A nan ne kaɗai suka san hanya.

Da suka buɗe baki sai wa'azi,
Hujja kan hujja, babu zuciya.

Shi kuwa ya la'anci ranar haihuwarsa,
Ya kai ƙarar Allah gun Allah, ba kunya.

Da Ubangiji ya amsa daga guguwa,
Bai kawo dalili ba, sai tambaya.

Ina kake sa'ad da na kafa ƙasa?
Wa ya kulle teku, ya ce masa tsaya?

Ka san lokacin haihuwar awakin dutse?
Wa ya saki jakin jeji ba igiya?

Jimina ta bar ƙwanta a cikin ƙasa,
In ta zabura, doki take wa dariya.

Babbar dabba kwance a inuwar fadama,
Kamar dorinar Yankari, sai ka ja baya.

A ƙarshe abokan aka tsawata wa,
Aka ce Ayuba ne ya faɗi gaskiya.

Malam, abin da ya taɓa ni shi ne, da aka zo ba mutumin nan amsa daga babi na 38, da waƙa aka ba shi. Na sassauta birkin. Ban sake shi duka ba, don har yanzu ina so yaron da ya gama ƙirga ɗango ya durƙusa ya yi addu'a. Amma ni kaina na tsaya a gidajen makoki da yawa ina jera ayoyi kamar Elifaz, ɗaya daga abokan Ayuba, alhali shirun kwana bakwai ake bukata a wurina. Ƙanwata, in ina cikin irin waɗanda suka gajiyar da ke, ki yafe mana.

Gwaggo ta Dadin Kowa:

Haba Yaya, na yafe tun tuni. Zuwan ma alheri ne.

Makiyayi na Tula:

Ni a kan dutse na tashi ina kiwo,
Ku bar ni in sa baki kafin a gama.

A Waƙar Waƙoƙi, babi na huɗu,
Ango na yabon amarya da girma.

Matasan birni sun yi ta dariya,
Wai gashinta da garken awaki sun yi kama.

Ba su taɓa tsayawa a gindin dutse ba,
Baƙaƙen awaki na gangarowa da yamma.

Layi layi, suna sheƙi, suna kaɗawa,
Kamar kitso an kwance shi daga sama.

Shi ya ga na Gileyad, ni na ga na Tula,
Mai waƙar nan ya san kiwo, ba tantama.

Ɗalibi na Wunti:

Na gode wa zaure da wannan karamci. Ina da imanina, kuna da naku, amma kunnen waƙa kam ɗaya ne. Littafin yana da kauri, abokina kuma yana son abinsa kafin Lahadi. In labari nake so a wannan karon, ta ina zan shiga?

Gwaggo ta Dadin Kowa:

Fara da Rut, babi huɗu ne kacal,
Ka gama kafin mai ya ƙare a fitila.

Baƙuwa ce daga Mowab, gwauruwa,
Ta bi surukarta cikin wahala.

Tsohuwar ta ce kar a kira ta Na'omi,
Mara ce, ɗaci ya ishe ta daga Allah.

Sun iso Baitalami farkon girbin sha'ir,
Ta shiga bayan masu yanka tana kala.

Mai gona ya ce da ma'aikatansa,
Ku riƙa zubarwa kamar ba ku kula.

In an fara yankan shinkafa ka zo,
Kai da ɗan Bogoro, kar ku yi wahala.

Ku hau motar Gombe, ku sauka bakin kasuwa,
Ku ga mata a bayanmu suna kala.