Aikin edita a mujallar kwalliya: ta ina ake farawa?

Ɗaliba daga Jos: Assalamu alaikum. Ina aji uku a sashen aikin jarida na Jami'ar Jos, kuma burina aikin tace rubutu a mujallar kwalliya. Don Allah me ya kamata in iya kafin in nemi gurbin SIWES (horon sanin makamar aiki na ɗalibai) a Abuja?

Anti Maryam: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da sanin kaya. Ki shiga kasuwar Terminus ki bambanta shadda da atamfa da leshi, ki san yadi nawa doguwar riga ke ci. Kuskure ya fi yawa a rubutun ƙasan hoto: sunan tela, farashi, irin yadin. Aka sa sunan wani telan a ɗinkin da ba nasa ba, to mujalla ta rasa mai talla. Ki tara rubutunki guda 5 ki nuna wa masu mujallar.

Malam Sani: Ki koyi InDesign, manhajar tsara shafukan mujalla. Hoton bugawa sai ya kai dpi 300 (ma'aunin kaifin hoto), launinsa CMYK (tsarin launin injin bugawa). Wanda aka turo ta WhatsApp an matse shi, zanen leshi yakan fito dishi-dishi. A bar milimita 3 a gefen shafi saboda yanka. Shafuka kuma su rabu huɗu-huɗu, kamar 48 ko 64.

Anti Maryam: Gaskiyarka Malam. Sannan fitowar mujalla ta Sallah tun kafin azumi ake ɗaukar hotunanta, domin teloli ba sa sauraron kowa idan azumi ya raba tsakiya. Kada kuma a buga hoton kowa sai da rubutaccen izininsa.