Duhu a finafinan ban tsoro: yaushe yake aiki, yaushe yake ɓata fim?

Sadiku: Assalamu alaikum masana. Me ya sa duhun wani fim yake tsinka zuciya, na wani kuma ba ka ganin komai sai baƙin allo? Sannan ina dalilin da jaruma za ta shiga ɗaki ga makunnin wuta a bango ta ƙi kunnawa?

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam, Malam Sadiku. Duhun fim da fitila ake yinsa. Ana ajiye babbar fitila a gefe ko a bayan ɗan wasa, a rage ta gaba sosai, har ɓangaren fuska mai haske ya ninka na inuwa sau 8 ko fiye. Sai siririn haske a kan kafaɗa da gefen kai don ya raba mutum da bango, da ɗan ƙyalli a ido. Idan ido ya mutu, mai kallo ba zai karanta tsoron ba.

Dubi Halloween na 1978: farar fuskar makashin tana fitowa a hankali daga baƙin ɗaki a bayan jarumar. Mai ɗaukar hoton fim ɗin, Dean Cundey, ƙaramar fitila ya riƙa ƙara wa ƙarfi kaɗan-kaɗan, kamar yadda ido yake sabawa da duhu.

Kuskuren masu farawa shi ne ɗauka cikin duhu na gaske, su ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, hoto ya yi yashi-yashi. A ɗauka da isasshen haske, a duhunta wajen gyaran launi.

Hajiyar Labari: Zancen makunni laifin marubuci ne, ba na mai fitila ba. Dole a shuka dalilin duhu tun da wuri. The Descent na 2005 a cikin kogo yake, hasken daga abin da matan suke ɗauke da shi yake zuwa, irin su fitilar hular kwano da kyamarar hannu mai gani da dare. Duk abin hasken da ya ɓace, duhu ya ƙaru, kuma mai kallo ya san dalili.

Yanzu kowace waya tana da tocila, don haka a nuna cajin ya kusa ƙarewa mintuna kafin a buƙace ta. In sai da dodo ya iso wayar ta mutu, an raina wa mai kallo hankali. Haka dokar dodon: in an ce haske yana korarsa, kada ya tsaya ƙarƙashin kwan lantarki a ƙarshe.

Bala Edita: Ƙari kan maganar Mai Kyamara. Bidiyo mai 8-bit matakan haske 256 gare shi a kowane launi, fitowar dare kuwa a 'yan matakan ƙasa take zaune. YouTube na matse fayil, inuwar ta koma layi-layi da murabba'ai. Kafin a saki fim a gwada shi a waya, da rana, hasken allo a rabi.